Tambaya Ta Tara da Matan Yola Suka Ƙi Amsawa

Mun tashi da asuba ranar Litinin, ko addu'ar bayan salla ban ƙarasa ba direba ya fara danna ham a ƙofar gida. Mu biyu ne a motar da muka ɗauka shata, ni da abokiyar aikina a makarantar koyon jinya da nake koyarwa a Kano. Ita Bakanuwa ce ta cikin badala, gabas a wurinta ta ƙare a Wudil. Ta fito da fulas biyu da wani ƙaton bargo. Na ce mata Yola fa za mu, bargon nan sai dai in yawon buɗe ido za ki kai shi. Ta ce ba ta taɓa kwana babu shi ba, na ƙyale ta, na san rana za ta yi mata bayanin da ya fi nawa.

Da yawa daga cikinku kun tambaye ni abin da ya kai ni Yola, ba biki ba suna. Wata gidauniya ce ta fitar da sanarwa za ta ba da kuɗin bincike a kan waɗanda suka warke daga ciwon daji: bayan an yi aiki, an gama kemo, wato ƙarin ruwan maganin daji, likita ya ce a tafi gida, wane hali zuciyarsu da tunaninsu ke ciki. Sharaɗinsu shi ne mai nema ya fara nuna akwai matsalar a inda yake son yin aikin, ko da daga bakin mutum goma ne. Za a rufe karɓa Juma'ar sama. Muka ɗauko takardar tambayoyi goma sha biyu da ake amfani da ita a irin wannan aiki, muka kwana uku muna mayar da ita Hausa a ofis, muka buga, muka cika kwali. Idan muka dawo da abin rubutawa, mu nema. Idan ba mu dawo da shi ba, shi ke nan, sai wata shekarar in da rabo.

Na zaɓi Yola ne saboda can aka haife ni, kuma can Adda take. Adda a bakinmu na Yola shi ne yaya mace. Ita ta riƙe ni tun ina aji huɗu da mahaifiyarmu ta rasu, ita ta yi mini kitso, ita ta zane ni, ita ta kai ni ɗakin miji. Ta yi sankarar mama, an cire mata ɗaya, ta warke. Shekara uku rabona da ita ido da ido, sai waya duk Juma'a, gaisuwar minti biyu.

A Darazo muka karya. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ne ya yi ƙiba, amma shayin mai shayin ya yi kauri yadda nake so. Damina na bankwana, dawa ta fid da kai ko'ina, hanyar Dukku kore shar har Gombe. A Gombe muka ɓata kusan awa a layin mai, direba na ta zagin gwamnati da ƙaramar murya yana duba ko akwai mai kaki a kusa. Bayan Kaltungo duwatsu suka taso, abokiyar tafiyata ta manne da gilashi tana ɗaukar hoto tana cewa ashe haka ƙasar nan take. Daga Cham zuwa Numan kuwa ta ajiye wayar ta riƙe kujera da hannu biyu, don akwai wuraren da hanyar ta koma rami da 'yar kwalta a gefensa.

Shingayen sojoji suna nan. Buhunan yashin sun tsufa har ciyawa ta tsiro a kansu, wani an shanya wando a kai. Wani soja ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin kwali, na ce takardu ne. Ya ɗaga guda ɗaya ya juya, ya ga babu abin da zai amfane shi, ya ce mu sauka lafiya.

A kan gadar Numan na ce direba ya rage gudu. Kogin Binuwai ya cika ya batse, masunta sun yi ƙanana a cikin kwale-kwalensu, ƙamshin bandar kifi ya shigo ta taga. Ban san na yi kewar wannan ƙamshin ba sai da ya same ni. Muka iso Ngurore, inda a da mahaifiyarmu ke aiko a sayo mata man shanu ranar kasuwa. Na sa aka tsaya na sayi kwalba guda, ba don ina buƙata ba. Mai sayarwar ta yi mini Fulatanci, na amsa, ta dube ni ta koma Hausa. Haka aka yi mini a garinmu tun kafin in shiga cikinsa.

Bayan la'asar muka isa Yolde Pate, can gefen Yola, inda Adda da mijinta suka gina 'yan ɗakunansu. Mijin nata Hamma nake ce masa, malamin dabbobi ne da ya yi ritaya. Adda ta fito tsakar gida tana “Jaɓɓama, jaɓɓama,” wato maraba, ta rungume ni da hannun hagu. Na daman ya kumbura tun bayan aikin, tana ɓoye shi a cikin riga mai dogon hannu, da gyale a naɗe a ƙirji ko a cikin gida. Na ce, “Adda, ya jiki?” Ta ce, “Jam ni,” lafiya ƙalau. Ta juya ta ɗauko tiren abinci, na yi wuf na karɓe na ce ta zauna ta huta. Ta zauna. Tuwon shinkafa ne da miyar yakuwa da kifi, abokiyar tafiyata ta ci har tana gumi, bargonta na can a jaka babu mai tuna shi.

Sai in ɗan koma baya don waɗanda ba su san mu ba. A Mubi su Adda suke da zama, can Hamma ya yi aiki, can ta yi koyarwa a firamare. Shekarar gudun Mubi, da mayaƙa suka ci garin, suka fito da kayan jikinsu da yara huɗu, kwana uku a ƙafa da bayan akori-kura kafin su iso Yola. Gidan kawunmu suka sauka, mutum ya fi arba'in a gidan, wasu ba su san inda 'ya'yansu suke ba. A wannan cunkoson ta ji ƙullutu a mamanta, wajen wanka. Wata huɗu ba ta faɗa wa kowa ba. Da na yi mata ƙorafi daga baya, ta ce ta yaya za ta buɗe baki a kan ƙurji a gidan da ake zaman makoki kullum. Aka yi aikin, aka yi ta jigila zuwa Gombe, gashinta ya zube ya sake fitowa. Yanzu shekara goma ke nan da ɗoriya. Duk wanda ya zo gaishe ta abu ɗaya yake faɗa: kin tsira sau biyu, ke kam sai godiya.

Talata da safe muka fara aiki. Wata ma'aikaciyar jinya da muka yi makaranta tare ta riga ta nemi yardar mata tara, ta ba mu kwatance. Babu acaɓa a Yola da Jimeta tun zamanin tashin bama-bamai, sai Keke Napep. Mai keken farko ya ce wa abokiyar tafiyata, “Hajiya, ka shiga, ka matsa ciki.” Ta waiga tana neman namijin da ake yi wa magana. Na ce ke ce, nan ba ruwanmu da ka da ki, duk ɗaya ne in dai an gane. Har muka bar garin ba ta daina waigawa ba.

Matar farko a cikin tsohon garin Yola take, layi biyu da gidan da na tashi. Na sa mai keke ya bi ta ƙofar gidanmu. An sayar da shi tuntuni, an yi masa fenti ruwan hoda, zauren da mahaifinmu ke karatu ya zama shagon cajin waya. Mangwaron tsakar gida babu shi. Na tsaya ina neman tagar ɗakin mahaifiyarmu, an toshe ta da bulo. Na so in yi sallama in ce a bar ni in leƙa ko minti ɗaya ne, amma ban san da wane suna zan gabatar da kaina ba, sai na koma keke.

Matar dattijuwa ce, zan kira ta Hajiya kawai, ta yarda in ba da labarinta in dai ban faɗi suna ba. Aka shimfiɗa mana darduma, aka kawo kunun gyaɗa a kwanon sha, don a Yola ba a fara magana da baƙo kafin kunu. Na buɗe takarda. Kina samun barci? Alhamdulillahi. Kina cin abinci? Alhamdulillahi. Kina yawan damuwa? Ta ce damuwar me, bayan Allah ya tashe ta. Na iso tambaya ta tara na karanta yadda muka rubuta: “A makonni biyun da suka wuce, sau nawa kika ji kin yanke ƙauna?”

Hajiya ta ajiye carbinta. Ta ce, “Subhanallahi. Daga rahamar Allah? Ni? 'Yata, wa ya aiko ki da wannan?”

Na hau kame-kame ina cewa ba haka ake nufi ba. Ta ce to me ake nufi, ai kalmar ma'ana ɗaya gare ta, kuma malamai sun faɗi hukuncin mai yin ta. Ta ƙarasa amsa sauran cikin ladabi, ta raka mu har zaure, amma ta riga ta rufe. A keke abokiyar tafiyata ta ce ni ce ban iya karantawa da taushi ba. Gida na biyu ita ta karanta, da taushin nata duka, matar ta yi a'uziyya sau uku.

Ranar muka yi mata biyar, Laraba da safe uku. Duk takardun suka fito tas, in ka tara makinsu za ka rantse babu masu kwanciyar hankali a Nijeriya kamarsu. Alhali na ga wadda ta rufe madubin ɗakinta da kalanda. Ni ma'aikaciyar jinya ce, idona ya gani, amma gidauniya ba ta karɓar abin da ido ya gani, amsar takarda take so. Abokiyar tafiyata ta ce ko mu ɗan gyara amsoshin tunda mun san gaskiyar, na ce in muka fara da haka gara mu koma Kano da kwalinmu. Ta ce wasa take yi. Rabinsa ne kawai wasa.

Mace ta tara ɗin a Shagari Low Cost take, cikin Yola, Laraba da yamma. Malamar sakandare ce mai ritaya, Kirista daga kudancin jihar, kowa a layin Madam yake ce mata. Ta karɓe mu da zoɓo mai sanyi da dariya mai yawa. Da na iso tambaya ta tara na so in tsallake, ta ce in karanta mana. Na karanta. Ta ce, “Allah ya sawwaƙe. Malama, ka rubuta babu. Wanda Yesu ya tashe shi ba zai faɗi wannan ba.” Na rubuta babu, na rufe biro, na sa takardar a jaka.

Ta rako mu bakin geti muna jiran keke. A cocin da ke bayan layin mata na gwajin waƙa, ana jin kiɗan tulu da caki. Madam ta tsaya da maganar da take yi ta karkata kai. Ta ce, “Wannan tulun ni nake bugawa da. Shekara ashirin. Yanzu sun ce hannuna ba ya so, in zauna a gaba. Duk lokacin da baƙi suka zo sai a ce Madam ka tashi ka ba da shaida. Na zama shaida. Ko kasuwa na je ana nuna ni.” Ta yi dariya, ta goge ido da bakin zani. “Ba complain nake yi ba fa. Kewa ne kawai. Ina kewan tulu na.”

A cikin keke abokiyar tafiyata ta dafa gwiwata ta ce, “Kin ji abin da ta ce? Ta ƙi damuwa, ta ƙi yanke ƙauna, amma kewa da bakinta ta faɗa.” Wannan karon Bakanuwar ce ta riga ni ji. Muka yi ta juya maganar har Yolde Pate. Wanda aka ce masa ya tsira, in ya ce yana cikin damuwa ya zama mai butulci, in ya ce ya yanke ƙauna ya taɓa imaninsa. Kewa kuwa babu laifi a cikinta, mai godiya ma yana kewa. Kwana uku muka yi a ofis muna neman kalmomi masu nauyi, muka tsallake wadda ko yaro ya sani.

Adda ba ta cikin mata taran. Ban sa ta ba, na ce wa kaina kada in tayar mata da abin da ya wuce. Alhamis da safe, rana ta ɗan ɗaga, na fito na same ta a madafa a kan 'yar kujera tana dama kunun gyaɗa da hannun hagu, tukunyar na neman zamewa daga murhu. Na sunkuya na kama ludayin na ce, “Adda, kawo, je ki huta.”

Ba ta saki ba. Muka riƙe ludayi ɗaya mu biyu, kunu na tafasa. Ta ce, “Dija, sake mini ludayina.” Da irin muryar da take kirana da ita ina yarinya in na yi laifi. Na saki. Na jawo turmi na kifa na zauna a gefenta na ce, “Adda, in tambaye ki wani abu? Ba na takarda ba. Me kike kewa?”

Ta ci gaba da damawa. Ta zuba ruwan tsamiya, ta ɗanɗana, ta rage wuta. Sannan ta ce tana kewar Mubi, amma wannan kowa ya sani, kowa na yi. Ta ce da can in ana biki a dangi ita ke kan babbar tukunya, yanzu tabarma ake shimfiɗa mata a inuwa tare da tsofaffi, a kawo mata abinci a rufe. Jikokinta in sun hau cinyarta sai a janye su a ce kada su danne Inna. Ta ce, “Hamma ɗinki shekara goma bai yi mini faɗa ba. Ranar nan na sa gishiri sau biyu a miya da gangan, ya cinye ya ce an gode.” Na yi dariya, ita ma ta yi, amma ba ta daɗe ba.

Ta juyo ta dube ni ta ce, “Bara an kwantar da ke asibiti kwana takwas, an yi miki aiki a ciki. A gidan suna na ji, a bakin matar da ba ta ma san sunanki daidai ba.”

Gaskiya ne. Ni na hana a faɗa mata, na ce wa maigidana da yara kada wanda ya kuskura, Adda ta sha wahalar da ta ishe ta. Ranar Juma'ar da nake kwance da robar fitsari na kira ta kamar kullum na ce ya jiki, ta ce jam, na ce mu ma lafiya lau.

Ta ce, “Ni na wanke ki kina zawo. Ni na zauna a kanki da kika yi ƙyanda. Yanzu na zama wadda ake ɓoye wa. Duk Juma'a ki ce ya jiki, ya jiki. Jikin ya warke tuntuni.” Ta koma Fulatanci ta ce, “Mi yewni ma.” Na yi kewarki, ke nan. Gwiwata na taɓa tata ta faɗa.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, irin na yarinya mai majina. Ba ta lallashe ni ba. Ta sauke tukunya ta zuba kunu a kofi ta miƙo mini ta ce in sha kafin ya yi fata, sannan in faɗa mata aikin me aka yi mini, wane likita, ɗinki nawa, wa ya yi jinyata. Na faɗa mata duka. Ta yi mini faɗa a kan ɗaukar bokiti da wuri, ta ce ma'aikaciyar jinyar banza ce ni. Rabon da in ji daɗin zagi haka na manta.

Da na ba ta labarin tambaya ta tara ta riƙe baki. Ta ce da na nuna mata takardar tun daren Litinin da ta hana ni jin kunya a gaban mutane. Ta shiga ɗaki ta sako mayafi ta ce mu koma wurin Hajiya, ita za ta yi tambayar. Hamma ya taso yana cewa rana ta yi zafi, ta ce masa ranar ba ta fi ta jiya ba. Sai ya je ya tsayar mana da keke.

Hajiya ta karɓe mu a ɗarare. Adda ta zauna kusa da ita, suka gaisa da Fulatanci doguwar gaisuwa, sannan ta ɗan janye gyalenta daga ƙirji yadda Hajiya za ta gani. Babu takarda, babu biro. Ta tambaye ta me take kewa. Hajiya ta nuna wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Ta ce da can duk atamfar da ta burge ta sai ta saya ta ajiye, ta ce wannan ta auren jikata ce, wannan ta Sallar baɗi. Tun da aka ce ta riƙa komawa asibiti awo duk wata shida ba ta sake sayen abin ajiya ba, lissafinta ba ya wuce ranar awo ta gaba. Ta ce satin da za ta je ba ta barci, kuma ba ta taɓa faɗa wa 'ya'yanta ba don kada su ce ba ta dogara ga Allah ba. Matar da ta amsa mini barci da alhamdulillahi shekaranjiya. Ta yi fiye da awa tana magana, Adda na fassara mana inda Fulatancina ya gaza, wato kusan ko'ina.

Kafin magariba mun koma wurin huɗu daga cikin matan. Babu wadda ta yi a'uziyya. Abokiyar tafiyata ta cika littafi guda da rubutu har yatsunta suka ƙage. A hanyar komawa na ce wa Adda in kuɗin nan ya fito akwai ɗan abin da ake ba waɗanda aka yi hira da su, zan sa ta a ciki. Ta ce ba ta son shinkafa, ba ta son atamfa. “In ya fito ki ba ni aiki. Ni zan riƙa tambayarsu, ku ku rubuta. Malamar makaranta ce ni kafin in zama mara lafiya.”

Juma'a bayan asuba muka kamo hanya. Adda ta cusa mana bandar kifi da gyaɗa da kwalbar man shanun da na sayo a Ngurore, ta ce cutata aka yi, rabinsa man gyaɗa ne. Abokiyar tafiyata ta yi barci tun daga Numan, kanta a kan bargon da ya sami aiki a ƙarshe. Ni ban runtsa ba. Na yi ta kallon baya har duwatsun Kaltungo suka tare.

A Kano muka zauna kwana biyar muna rubutu. Wani babba a wurin aikinmu ya duba ya ce kewa ba ta cikin ma'aunin da masu ba da kuɗi suka sani, za su ce ba kimiyya ba ce. Wataƙila yana da gaskiya. Muka bar takardun tara yadda suka fito, muka rubuta dalilin da ya sa suka fito haka, muka sa abin da matan suka faɗa da aka canza tambaya. A wurin da ake jera sunayen masu aikin na rubuta sunan Adda, na uku, ƙarƙashin namu. Muka tura ranar Alhamis, saura kwana ɗaya a rufe.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Mutanenmu ba sa ɓoye ciwon zuciya don ba sa jinsa, kalmar da ake miƙa musu ce ba za su iya ɗauka ba tare da sun ji sun saɓa wa Allah ba. Kuma mu masu lallaɓawa muna da hannu a ciki. Mun karɓe musu tire da ludayi da tulu da labarin gida, muna kiran abin tausayi. In kuna da irinsu a gida, ku ba su aiki, ku kai musu damuwarku, ku yi musu gardama in sun yi ba daidai ba.

Yau sati bakwai, gidauniyar ba ta amsa ba. Na san masu nema suna da yawa, waɗanda ake ba kaɗan ne. Adda kuwa ta riga ta sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ta ɗinka jaka, ta faɗa wa maƙwabta ta kusa komawa aiki. Na yi kwanaki ina shirya yadda zan ce mata komai na tafiya daidai. Jiya da ta kira ta ce, “Dija, sun amsa?” sai na ce, “Ba su amsa ba, Adda. Kuma za su iya hana mu. Tsoro nake ji.”

Ta cikin wayar ina jin kaji a tsakar gidanta. Sannan ta ce, “Ni ma ina ji. Ki kira ni gobe mu ji shi tare.”